Ƙaramin Rami Kusa da Sitiyari

Esin motar Rumaisa, mai daidaita sanyi da ɗumi, ya fara hauka ne a cikin go-sulon Mararaba. Ta saba ta danna masa oto, ya riƙa daidaita kansa, tun daga ƙofar gidansu a Angwan Iya, ta manta da shi har ta isa ofis a Abuja. Ran nan sai ya dinga huro sanyi kamar firiza har yatsunta suka sandare a kan sitiyari, can kuma ya juya ya koma huci mai zafi. Susana, maƙwabciyarta da take rage wa hanya, ta cire suwaita ta mayar har ta gaji.

"Rumaisa, motar nan zazzaɓi take yi," in ji ta.

Ranar Asabar Rumaisa ta kai motar garejin Malachi a Yara. Ya fara cewa gas ne ya ƙare, ya jona ma'auni, gas na nan cike. Ya duba fiyus, lafiya lau. Ya kwanta a ƙarƙashin dashbod yana sauraron ɗan injin da ke buɗe hanyar iska mai zafi da mai sanyi, shi ma yana motsi yadda ya kamata. Ya fito yana sosa ƙeya.

"Madam, saura abu ɗaya. Kin ga wannan ramin mai raga kusa da sitiyari? Sensa ce a ciki. Ita ke shaƙar iskar cikin mota ta gaya wa esi ya ƙara ko ya rage. In ta toshe, sai ya yi ta lalube."

Ya ɓalle ragar da sukuddireba, ya haska tocila, sai ya ja da baya.

"Mene ne? Ɓera?"

"Da ma ɓera ne."

Ya ɗauko hantsaki ya shimfiɗa tsohuwar jarida a kan kujera. Abu na farko da ya zaro guntun tsinken sakace ne da aka tauna har ya zama tsintsiya. Sai wani. Sai tukar goro busasshiya, ja, ta dunƙule ta yi fumfuna. Sai ɓallin farce. Da ya jawo kan audugar goge kunne mai ruwan ƙasa, wani wari ya biyo ta, Rumaisa ta toshe baki da mayafi ta fita daga motar. Ta tsuguna bayan wata tsohuwar taya, tana tofar da yawu.

Mutum ɗaya ne ke tuƙa motar bayan ita. Mijinta, Malam Lawal, wanda ba ya fita sai shaddarsa ta sha sitaci, wanda in ya ga gashi ɗaya a miya yake ture kwanon. Shi ke ɗaukar motar in za shi ɗaurin aure ko gaisuwa.

Malachi ya hure sensar, ya goge ta, ya mayar. Ya tada mota, iska ta fito daidai, ba sanyi ba zafi. Ya naɗe jaridar zai jefar.

"Bar min ita," in ji Rumaisa. "Sa min a leda. Ka ƙulle sosai."

Ta tuƙo zuwa gida da yatsu biyu-biyu a kan sitiyari, tana tunanin watannin da ta yi tana shaƙar iskar da ta ratsa ta cikin wannan ƙazanta.

Ta sami Lawal a falo yana kallon labarai. Ta kwance ledar a kan tebur a gabansa.

"Baban Mu'mina, ka san waɗannan?"

Ya leƙa, ya yamutsa fuska. "Subhanallahi! Wace irin ƙazanta kika kwaso mana?"

"Daga motata aka zaro su. Ramin da ke kusa da sitiyari."

Ya sake leƙawa. "Au, wannan ramin? Ni na ɗauka ta ƙasa yake zubarwa, kan titi."

"Har da abin kunnenka?"

"To ina kike so in jefa? Ta taga, mutane na kallona?"

Bai ko ji kunya ba, haushi ya ji an nuna masa. Ya ture tebur ɗin da ƙafa, ya ce ta ɗauke kafin zuciyarsa ta tashi.

Rumaisa ba ta ɗauke ba. Ta shiga kicin ta dafa ruwa, ta haɗa da omo da ditol, ta yi yammacin nan tana dirzar sitiyari da giya da duk inda hannu ke kaiwa. Tuwon dare ta kasa ci. Makullin motar na biyu, wanda ke rataye a bayan ƙofar falo, ta cire shi ta jefa a jakarta.

Washegari akwai walima a Akwanga. Lawal ya shirya, ya fesa turare, ya laluba bayan ƙofa bai ji komai ba. Ya dube ta, ta ci gaba da guga. Ya tsaya jim, sannan ya fita bakin titi ya tari ɗan acaɓa zuwa tasha.