Abin da Barau Wanzam Bai Tambaya Ba

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Barau Wanzam kansa a Sule Tankarkar ya san ba a gama askin nan da wuri. Hannunsa na da kyau, askarsa ba ta ciwo, amma bawan Allahn nan yana da wani hali da ni dai ban taɓa ganin irinsa ba. Ba abin da yake so a duniya kamar labarin bala'in da ya wuce, irin wanda aka mutu da yawa. Sai ya jiƙa maka kai, ya aske rabi, sannan ya ɗaga aska sama ya ce, "To, da aka ƙone garin, gawarwakin fa, ina aka kai su?" Ina za ka da rabin kai? Dole ka zauna ka ba shi labari.

Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari ba wanda ke shan wahalarsa kamar Kofur Halliru, tsohon sojan da ya dawo daga yaƙin basasa yana ɗingishi. Halliru ba ya son maganar yaƙi ko kaɗan, amma Barau sai ya tatse shi. A bakinsa ya ji labarin yaran da suka tarar a ƙauyukan kudu. Gashinsu ya yi ja ya yi laushi, ƙafafu sun kumbura, in ka danna da yatsa ramin sai ya zauna, kuma ba sa kuka, kallo kawai suke yi.

"Gashin ne ke fara ja, ko ƙafar ce ke fara kumbura?"

"Kai Barau, ka ji tsoron Allah."

"Tambaya ce kawai, Kofur. Daga nan kuma sai me?"

A Ɗanzomo kuwa akwai Goggo Kande, tsohuwa mai sai da daddawa, wadda tana yarinya aka yi babbar yunwar da tsofaffi ke kira Kakalaba. Duk ran da askin suna ya kai Barau garin, sai ya biya ta gidanta ya tsuguna. Ita ta gaya masa yadda aka haƙa gidajen tururuwa ana neman ƙwayar hatsi, da yadda aka dafa buzun salla, da yadda kuraye suka daina gudun mutane. Barau ya riƙa gyaɗa kai kamar mai cin tuwo da miya mai daɗi. Da zarar matattu sun ƙare a labarin, sai ya rataya zabirarsa ta kayan aski ya ce rana ta yi.

Shekarar da naira ta shigo, damina ta sake ƙin zuwa, bayan ta bara ma ba abin kirki ta yi ba. Gero ya fito iya gwiwa ya tsaya ya bushe. Kafin bazara ta kama, shanun da ake korowa Maigatari daga arewa suna faɗuwa a bakin kasuwa, fata ta fi saniyar daraja. Wa zai yi aski yana jin yunwa? Manoman da suka saba sallamar Barau da damin gero da kaka, ba wanda ya ba shi ko zangarniya. Gidansa aka koma dusa da tafasa, ran da aka dace a samu anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su an yi ta zubar da ruwan kafin su ciwu.

Matarsa Maijidda tana da ciki, ga kuma 'yarsu Laure ba ta cika shekara biyu ba. Tun da cikin ya bayyana matan unguwa suka ce nonon mai ciki yana lalata yaro, aka yaye Laure. Aka ɗauke ta daga nono aka ɗora ta kan kunun dusa.

Wata safiya Maijidda tana yi mata wanka ta kira shi da murna. "Malam, zo ka gani. Ana ta cewa yunwa yunwa, ga 'yar nan tana ƙiba. Dubi kumatu, dubi ƙafa."

Barau ya tsuguna. Ya shafa kan yarinyar, gashin da shi da kansa ya aske ran suna ya fito baƙi wuluk, yanzu ya yi ja kamar gemun masara. Ya kama ƙafarta ya danna da babban yatsa, ya ɗaga. Ramin ya zauna. Laure ba ta yi kuka ba, ta dai zuba masa ido. Duk garin nan ba wanda ya san abin da ke biye da wannan kamar shi, ya san shi ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, don shi ya nace sai da aka gaya masa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

Da Maijidda ta gane ba ƙiba ba ce, sai ta ce, "To ai ruwa ne. Ka yi mata tsaga ya fita mana, ba aikinka ba ne?" Haka ake yi kuwa, shi kansa ya tsaga ƙafafun 'ya'yan mutane da yawa a ranin nan. Ya ɗauko aska, ya wasa, ya riƙe ƙafar. Shi da bai taɓa ja da baya a kan ɗan wani ba, a kan tasa ya kasa. Ya mai da askar zabira.

Ya saɓa Laure a kafaɗa har asibitin Gumel. Malamin asibitin ya duba ta, ya ce da shi cikin tausayi ba allura take bukata ba, abinci take bukata, madara da wake da ƙwai. Barau ya yi wata dariya da ba ta da daɗin ji. Ya nemi Kofur Halliru a Maigatari, ya riƙe masa riga a tsakiyar kasuwa.

"Kofur, yaran nan, akwai waɗanda suka tashi?"

"Akwai. Waɗanda aka kai wa madara a mota."

"Waɗanda ba a kai wa ba fa?"

Halliru ya dubi yarinyar da ke kafaɗarsa, ya kau da kai. "Wannan ka riga ka tambaye ni, Barau."

Saura Goggo Kande. Ya same ta a Ɗanzomo tana zaune a inuwar rumbun da ba komai a ciki, ta rame har zanenta ya yi mata yawa. Ya ajiye Laure a gabanta, bai ko gama gaisuwa ba.

"Goggo, ke yaya aka yi kika rayu?"

Tsohuwar ta dube shi. "Shekara nawa kana zuwa nan, ɗan nan? Ka san wanda kura ta ja, ka san wanda ya faɗa rijiya. Ba ka taɓa cewa me ya sa ake kirana Goggo ba, alhali ni ba Bafulatana ba ce."

"Ki yi haƙuri, Goggo. Gaya mini."

"Mu biyar ne a ɗakinmu. Da ya rage ni kaɗai, ubana ya ɗauke ni ya tare Fulanin da ke kora sauran shanunsu kudu, ya miƙa ni. Madararsu na sha na tashi. A rugarsu na girma, su suka yi mini aure."

"Daga baya ya zo ya ɗauke ki?"

"Ina zai same mu? Mu kanmu ba mu san inda za mu kwana gobe ba. Ko kamanninsa ban riƙe ba."

Barau ya gane so take shi ma ya ba da 'yarsa, ya ce a'a. Ya ce zai sai da zabira, zai tafi Kano dako, zai yi bara. Goggo Kande ta bar shi ya gama, sannan ta danna ƙafar Laure da yatsanta ta nuna masa. Ta ce akwai Sajo, ɗan wanda suka tashi tare a ruga, ya sauka kusa da Gagarawa Tasha da 'yan shanun da suka rage masa, yana shirin tsallake layin dogo ya yi kudu. "Ka ce ni na aiko ka. In za ka, ka tafi yanzu, ba jiranka yake ba."

Da ya koma gida ya gaya mata, Maijidda ta yi kuka, ta zage shi, ta ce labaran banzan da yake kwasowa ne suka ja musu. Bai musa ba. Da ta gaji ta ɗauko kunun dusa ta kai bakin Laure, yarinyar ta kau da kai, ko ƙarfin ture ludayin ba ta da shi. Maijidda ta ajiye ƙwaryar, ta tashi ta goya Laure duk da tsohon cikin nan, ta ce, "Mu je. Ni zan miƙa ta da hannuna."

Sun isa da hantsi, an riga an kwance bukkoki an ɗora wa jakuna. Shanun ba su da yawa, ƙasusuwansu a waje, amma biyu na da maruƙa. Sajo dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya ji saƙon Goggo, ya dubi yarinyar, ya dubi iyayen.

"Wanzam, ba zan ɓoye maka ba. Madarar nan za ta ɗauki ƙaramin baki ɗaya, ba za ta ɗauki manya biyu ba. Kuma ban san inda za mu tsaya ba, sai inda muka ga ciyawa. Ban ce za mu dawo ba."

"Na ji, Bappa."

Asama'u matar Sajo ta tatso madara a 'yar ƙwarya, ta sirka da ruwa, ta zauna ta karɓi Laure a cinya. Ta tsoma yatsa ta ɗiga mata a leɓe. Shiru. Ta sake ɗigawa. Can sai harshen yarinyar ya motsa, ta lasa, ta kama yatsan da baki. Asama'u ta riƙa ba ta kaɗan kaɗan, ba gaggawa, su kuwa suna tsaye suna jiran ta amayar. Ba ta amayar ba.

Maijidda ta durƙusa kusa da Asama'u tana magana da sauri, kamar za a ƙwace mata bakin. "Inna, sunanta Laure. Tana tsoron akuya. Ba ta barci sai ta riƙe kunnen mutum, kada ki hana ta. In ta ce 'mamma' ruwa take nufi."

"Na riƙe, 'yata," in ji Asama'u. Ta juya yarinyar ta goya ta da zanenta.

Sajo ya ɗaga sanda, shanu suka motsa suka nufi layin dogo. Kan Laure ya kwanta a bayan Asama'u, idanunta a rufe, bakinta da sauran farin madara. Maijidda ta bi su da sauri da nauyin cikinta, ta miƙa hannu za ta taɓa ta, don ta buɗe ido ta gan ta ko sau ɗaya. Barau ya cim mata ya riƙe hannun, hawaye na zuba ta cikin gemunsa.

"Kada ki tashe ta, Maijidda. Ta ƙoshi."