Tafiyar Katanga a Shagon Kawu

Mai barkwanci ya san bakinsa zai ja masa wata rana, amma bai zaci a wajen kawunsa mai aski abin zai fashe ba. Kawun nan shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa, kuma kansa bai taɓa shiga hannun wani mai aski ba. Ga shi tun da bidiyonsa ya bazu Kawu ya daina ɗaukar wayarsa, abin kuwa ya hana shi sukuni.

Bidiyon a kan Katanga ne, tsohon golan ƙungiyar da Kawu yake so kamar ransa. Katanga ya daɗe da rasuwa, amma har gobe in aka ambaci sunansa a shagon sai an kashe injin aski. Hotonsa na saman madubi, ya koɗe har fuskar ta kusa ɓacewa. Shi kuwa gogan naka sai ya kwaikwayi tafiyarsa ta gwame, da yadda ƙwallo ta bi tsakanin ƙafafunsa a wasan ƙarshe, kofi ya suɓuce. Jama'a suka sha dariya.

Da gashi ya taru, dole ya je. Benci cike yake da dattawan ƙungiyar, ya gaishe su suka amsa a daƙile. Kawu ya nuna masa kujera, ya yafa masa ƙyalle, ya aske rabin kan tas, sannan ya kashe inji.

"Tashi ka yi mana Katangan naka."

Ya tashi da rabin kai, ya yi. Ba wanda ya yi dariya.

Sai wani tsohon direba, wanda ciwon gwiwa ya hana sallah a tsaye, ya dafa benci ya miƙe. Ya ce Katanga ba ya shiga raga sai ya shafi ƙarfen hagu da bayan hannu, ya ja safa, ya ɗaga kai sama. Yana faɗa yana yi. Wani tela ya miƙe, sauran suka bi, har Kawu da buroshi a hannu. Suka shafi ƙarfen da babu shi, suka taka gwame tare, ƙafa ɗaya, kamar sun shekara suna gwaji. Da suka zo kan ƙwallon nan, duk suka buɗe ƙafa, suka waiga, suka ɗora hannu a ka. Sai dariya ta ɓarke har da riƙe ciki, hawaye na bin gemun Kawu. Direba ya ce ranar ba wanda ya zagi Katanga, a kafaɗa suka fito da shi daga fili yana kuka.

 Mai barkwanci ya sha sa mutane dariya, amma bai taɓa ganin an so mutum har da kuskurensa haka ba. Mamaki ya hana shi ko neman gafarar da ya shirya.

Kawu ya share ido da bakin riga, ya dafa kafaɗarsa ya zaunar da shi.

"Mu ma muna masa dariya, ɗana, ba ita ce ta ɓata mini rai ba. Jikokina ba su san Katanga ba sai a wayarka, kuma ka ba su rabinsa. Ka je ka sake, ka yi shi duka."

Ya kunna inji, ya kama ɗaya rabin kan.