Kazar Inna Delu

Maccido yana da aibi guda, kuma shi da kansa ba ya musu: in aka ajiye masa kwano, ba ya iya mayar da shi da komai a ciki. Shekara ashirin yana aikin lafiya a Jega yana hana mutane cika ciki, nasa tumbin kuwa yana rigansa shiga ɗaki.

Don haka da suka isa Giwa Tazo da hantsi, shi da Umaima, aka kawo musu tuwon gero da miyar kaza a gidan Baba Ɗanasabe, bai tsaya tambayar komai ba. Umaima, yarinyar da wata ƙungiyar agaji ta haɗa shi da ita daga Birnin Kebbi, loma biyu ta yi ta wanke hannu, ta ɗauko wayar aiki.

Aikin kuwa tambayoyi ne ga masu ciwon suga: me suke ci, ina nisan asibiti, wa ke kula da su. Kowace wahala da makinta. Wanda ya kai ashirin sai a sa shi cikin masu samun allura da wankin ciwo kyauta. Maccido ke tambaya, Umaima ke danna amsa yadda ta fito daga baki, ba ƙari.

Inna Delu, matar gidan, ta fito tana dafa bango, ta zauna a tabarma ta ja zane ta rufe ƙafa. Maccido bai buƙaci gani ba, warin ya ishe shi. Wata biyu da suka wuce ya duba gyambon nan yana kamar bakin kwalba. In damina ta same shi haka, ƙafar ta tafi.

"Inna, asibiti da nisa daga nan?"

"Ina nisan? Nan na kusa."

"Inna, kin tuna ranar da anka ɗauke ki ga amalanke?"

"Ai mun kai, Maccido."

Umaima ta danna. Maccido ya share zufa.

"Cikin watan ga, kun taɓa wuni ba ku ɗora tukunya ba?"

"Alhamdu lillahi," in ji Ɗanasabe daga bakin ƙofa, tun ba a tambaye shi ba.

Maccido ya dubi rumbun da ke bayan tsohon. An cire wa rumbun hula, ba ko ƙwaya a ciki, har akuya ta daina zagaya shi.

"Baba, ba gaisuwa muke ba. Wagga waya ba ta san kunya ba. In kunka ce lahiya, lahiya za ta rubuta."

"To mi kake so in ce? In ce Allah ya mance da mu?"

"Ce dai gero ya ƙare!"

Delu ta saukar da murya, ta nuna Umaima da haɓa. "A gaban baƙuwa, Maccido? Ɗiyar mutane ta zo tun daga birni, in tarbe ta da kuka?"

Maccido ya juya ga Umaima. "Ke ma kina gani da idonki. Danna abin da kinka gani."

"Malam, wayar tana naɗar murya. In amsa ta saɓa da murya, ƙungiya za ta jefar da takardar gidan gaba ɗaya."

Haka suka yi ta yi, yana ja suna tirjewa. Ya yi lallashi, ya yi ta ƙifta ido har Ɗanasabe ya tambaye shi ko wani abu ya faɗa masa a ido. Da ƙyar ya ciro daga bakinsu cewa 'ya'yan duk suna cirani a kudu, kuma maganin sassaƙe take sha tun bayan salla. Ya leƙa wayar. Maki sha tara. Saura tambaya guda, mai maki biyu.

Ya karanta ta a zuci, sai tuwon ya tsaya masa a ƙirji. Ya yi gyaran murya, ya sake yi.

"Malam, karanta mana," in ji Umaima.

"Inna, ki yi tunani da kyau. Kada ki yi sauri. Cikin kwana bakwai da sunka wuce... nama ya shiga tukunyar gidan ga?"

A karon farko tun safe fuskar Delu ta washe. Ta gyara zama, ta dubi baƙuwar ido da ido.

"Ya shiga, ɗiyata. Yau ɗin ga ma. Rubuta."

Umaima ta ɗan jima yatsanta na sama. Sannan ta danna.

Ɗanasabe ya rako su har bakin mashin yana ba da haƙuri a kan miyar, wai gishiri bai ji ba. Maccido ya taka mashin sau huɗu kafin ya tashi.

Sha tara Delu ta samu. Kazar ita ce ta ƙarshe a gidan, kuma cinyoyin duka biyu Maccido ne ya cinye.