Safar Hagu ta Kawu Bakari

Ku gafarce ni. Takarda abar malamai ce, ni kuwa bayan wata tsohuwar takardar Baba na samu, tawadar ma ragowa ce. Idan labarin bai yi daɗi ba, a wanke.

Akwai wata yarinya a Haɗeja, Mairam. Ku ɗauka dai ba ni ba ce. Kakarta Iya Hajo ce ke saƙa wa masunta safar hannu da abawa, mai barin yatsu waje don ɗaurin komar kamun kifi. A tafin takan jera ƙulle-ƙulle masu tudu, kada igiya ta zame ta yanki mutum. Idonta ya soma hazo, amma saƙar nan ce ke fito da ita tsakar gida kullum, masunta na aiko mata da gaisuwa da kifi.

Da ambaliya ta soma janyewa, Iya ta gama safar hannun dama don ɗanta Kawu Bakari, ta miƙa wa Mairam zaren.

"Ƙarasa ta hagu, kishiya, bayana ya riƙe. Ki ajiye karatun nan."

Mairam ba ta ajiye ba. Ido na kan baitocin da take haddacewa, hannu na kwaikwayon wadda Iya ta gama, ƙulli bayan ƙulli. Sai ta sake yin ta dama.

Kawu ya dawo daga kogi tafinsa na hagu a tsage, ƙulle-ƙullen suna zaune a bayan hannu.

"Abokai sun ce wai ƙurungu nake yi wa ado," in ji shi, yana ƙoƙarin dariya.

Matarsa 'Yar'azumi ta sassauta murya. "Idon Iya ne. A bar ta ta huta haka."

Iya ta karɓi safar, ta bi ta da babban yatsa. Ta san ƙullinta, ta kuma san wanda ba nata ba. Ba ta waiwayi Mairam ba.

"Ni ce," ta ce. "Tsufa."

Ban da Iya, ba wanda ya san aikin Mairam ne, ita kuwa ta bar su a kan haka. Ran nan aka ɗauke kwandon zaren aka rataye a rumbu. Iya ta daina fitowa. Tuwo ma sai an kai mata ɗaki, ya dawo da saura.

Wata rana bayan Azahar, gida na barci, Mairam ta zare safar daga kan gorar da Kawu ke hawa a kogi. Ta warware ta a bayan rumbu, ta mai da ƙulle-ƙullen tafi, tana ja da ƙarfi irin na Iya har yatsunta suka yi ja. Ta mayar inda ta ɗauko.

Da La'asar sai ga muryar Kawu. "Iya! Ashe gyarawa kika yi a ɓoye? Wa ya ce idonki ya tafi? 'Yar'azumi, sauko mata da kwandonta!"

Iya ta fito tana dafa bango. Ta shafa safar, ta daɗe a kan wani ƙulli da ya ɗan karkace.

"To," kawai ta ce, ta zauna, ta jawo kwandon jikinta.

Yanzu ta ɗauki laifin da ba nata ba, ga kuma yabon da ba nata ba, duk saboda yarinya ɗaya mai nauyin baki. Suna ta shewa a kanta, Mairam ta ɗauki tulu, ko da yake randa cike take, ta bi ta ƙofar baya.