Kajubi Ya Ci Danginsa

Shekarar Kajubi huɗu, kuma in ana maganar yaro mai ƙin abinci, to daga kansa an rufe ƙofa. Tun da aka sa shi makarantar yara a Nyendo ya ɗanɗana biskit da lemon roba a hannun 'yan ajinsu, sai ya ɗauki girkin gidansu abokin gaba. Uwarsa Nakabugo ta yi lallashi, ta yi tsawa, ta mai da cokali jirgin sama yana neman wurin sauka, duk a banza. Ranar awo a asibiti nas ta ɗora shi a kan sikeli, ta dubi allurar, ta dubi uwar, ta ce yaron nan tun Ista yana nan inda yake, sai dai tsawo kamar rake. Ta ce a dage masa da ƙwai da wake da gyaɗa da ƙananan kifi, a raba shi da kayan zaƙi. Nakabugo ta fito kunya ta ishe ta, sai ka ce ita take cinye masa abincin.

Ba kuma rashin dabara ba ne. Mace ce mai hannu. Busasshen ɓawon gindin ayaba da kowa yake zubarwa, ita da shi take yi wa yaron ƙwallo da 'yartsana da ƙaramar tabarma, ta haɗa masa mota da murafen kwalba. In suka zauna wannan aiki a bakin ƙofa, Kajubi sai ya manta da duniya, yana yayyaga mata ɓawon, yana riƙe mata ƙulli da ɗan yatsa. Amma da zarar ta turo farantin gwanda kusa da shi, sai ya kulle baki ya kau da kai. Kullum da safe takan cika masa ɗan gwangwaninsa da yankan gwanda da gasasshiyar agade da soyayyiyar gyaɗa, kullum da rana gwangwanin ya dawo kamar yadda ya tafi. Mijinta Masembe direban babbar mota ne, rabin wata yana hanya, abin da ya iya kawai shi ne ya ce a waya, “Ki ba shi abinci mana.” Ka ji fa, kamar ba ta san ana ba yaro abinci ba.

Sai ga watan fara ya kama. A Nyendo kuwa in fara ta sauka, gari ba ya zama daidai. Masu tarko sun jera kwanon rufi da ganguna a ƙarƙashin manyan fitilu, mata sun baje a bakin titi suna cire fukafukai da ƙafafu, ƙamshin suya da albasa ya cika ko'ina. A cikin kwanakin ne gwangwanin Kajubi ya fara dawowa wayam. Ya dawo gida da ƙishirwa, ya sha kunun gero har ya nemi ƙari, da yamma ma ya taɓa matoke, tuwon ɗanyar ayaba, da miyar gyaɗa. Kumatunsa suka soma tasowa. Nakabugo ta ji daɗin da ta daɗe ba ta ji irinsa ba, har ta yi wa maƙwabciyarta alfahari.

Ranar wanki asiri ya tonu. Ta zazzage aljihun wandon makarantarsa, sai ga wata takarda da ta jiƙe da mai, da rabin soyayyiyar fara a naɗe a ciki. Ta kira shi ta tambaya, shi kuwa bai ga abin ɓoyewa ba. Ya ce Birungi ce, 'yar ajinsu, mamarta tana sayar da fara. Shi yana ba ta gwanda da agade, ita tana ba shi fara, kuma fara ta fi komai daɗi a duniya.

Nakabugo ta zauna a kan bokitin da ta kife. A ƙabilarsu ta Baganda kowa yana da danginsa ta wajen uba, kowane dangi kuma yana da abin da ba ya ci, don ɗan'uwansa ne. Ita 'yar dangin Biri ce, nata haramcin mai sauƙi, wa zai soya maka biri ya kawo makaranta? Amma Masembe ɗan dangin Fara ne, ɗansa ma haka. Tun da ta shigo gidan nan ko ita ba ta taɓa shigo da fara ba, don girmama su. Ga shi kuma abu ɗaya tak da ya buɗe wa ɗanta baki shi ne wanda aka hana shi.

Ta duba jikinsa ko ya yi ƙuraje, kamar yadda tsofaffi suke cewa ana yi. Fatar nan sumul. Ta yi niyyar zuwa wurin malamar su Kajubi washegari, gari ya waye ba ta je ba. Gaskiyar magana ma, ƙara yankan gwandar ta yi, ta zaɓi mai zaƙi, don kada Birungi ta fasa ciniki. Ta san ba daidai take yi ba, kuma duk lokacin da ta ga yaron yana lashe kwanon kunu sai ta ce a ranta gobe za ta hana.

Ana nan sai ga Senga Nakalanzi daga ƙauye, yayar Masembe, ta zo ganin likitan ido za ta yi 'yan kwanaki. Senga kuwa, 'yar'uwar uba, ita ce mai magana a kan 'ya'yan ɗan'uwanta, ko shi uban ba ya tsallake ta. Wannan kuma ta musamman ce: doguwa, ba ta dariya sai da dalili, ba ta taɓa yin ƙarya ko don ta faranta wa yaro ba. Ta tarar da Nakabugo tana tsince mukene a faifai, ƙananan busassun kifin tafki da nas ta ce a riƙa bayarwa. Nakabugo ta durƙusa ta gaishe ta, ita kuwa kafin ta gama amsawa ta toshe hanci da gefen zane. Ta ce a kawar mata da abincin kajin nan, ita tun tana yarinya warinsa kawai yana tayar mata da zuciya, kuma har ta mutu ba zai shiga bakinta ba.

Da rana Kajubi ya dawo. Ya durƙusa ya gaishe da Senga yadda aka koya masa. An kuma koya masa cewa in baƙo ya zo ana ba shi abin da aka fi so. Saboda haka ya sa hannu a aljihu, ya zaro fara guda mai ƙiba, ya miƙa mata da hannu biyu.

Nakabugo ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Senga ba ta ɗaga murya ba. Ta karɓi farar ta ajiye a kan ganye, ta ɗora yaron a cinya.

“Kajubi, wannan ba abinci ba ne,” in ji ta. “Babanka Fara ne, ni Fara ce, kai ma Fara ne. Ɗan'uwanka ne wannan.”

Yaron ya daɗe yana kallon ganyen. “Senga, na cinye 'yan'uwana?”

“Ka ci da rashin sani. Ba za ka sake ba.”

Da ya fita, ta juyo ga uwar ta tambaye ta ko ta sani. Nakabugo ta ce ta sani. Ta ƙara da cewa yaron yana cin abinci, karo na farko tun Ista. Senga ta ce abinci bai ƙare a duniya ba, kuma ita ba za ta koma ƙauye ta ce ɗan Masembe yana tauna danginsa a filin makaranta ba. Maganar ta tsaya nan.

Abin da ba wanda ya yi tsammani shi ne yadda yaron zai ɗauki zancen. Da yamma aka zuba masa miyar wake, ya dubi kwanon ya tambaya wannan ɗan'uwan wa ne. Da uwar ce ta amsa, da ta ce ba na kowa ba ne an wuce wurin. Amma Senga ya tambaya, ita kuwa ta ce gaskiya akwai wani irin wake da yake da nasa dangi. Ya ce saniya fa, ta ce akwai. Naman kaza, akwai. Doya, akwai irin da ake girmamawa. Kajubi ya ture kwanon a hankali, ya ce ya ƙoshi.

Daga nan ba abin da yake shiga bakinsa sai ruwan shayi. Gwanda ma ya ce ba ya so, wataƙila kakar wani ce. Birungi ta kawo masa fara a makaranta ya fashe da kuka har malama ta aiko a tambayi lafiya. Senga ta ce a bar mata shi, ta raini yaran da suka fi shi taurin kai. Ta zauna da kwanon matoke ta yi umarni, ta yi barazanar kiran babansa, ta yi alkawarin ɗan akuya, yaron yana kallonta da idanun da suka soma zurmawa. Wandon da ya fara kama shi ya koma yana zamewa.

Nakabugo ta yi fushi, fushin da ba ta da inda za ta sauke shi, don ba a yi wa Senga tsawa. Ta ɗebo ɓawon ayaba ta zauna a bakin ƙofa, ta kira yaron ya riƙe mata ƙulli. Suka naɗe jiki dogo, suka yanka fukafukai biyu, suka karya tsinken tsintsiya suka yi ƙafafu, ƙwayar gero biyu ta zama idanu. Fara ta fito sak. Kajubi ya rungume ta, ya ce mata ta yi haƙuri, ya yi mata shimfiɗa a cikin gwangwanin abincinsa. Uwar ta yi amfani da damar ta turo masa gyaɗa, ta ce wannan kam ta rantse ba ɗan'uwan kowa ba ne.

“Ke ba ki sani ba, Maama,” in ji shi. “Ke Biri ce.”

Senga tana zaune a kan kujera tana ji. Nakabugo ta dube ta, ta tashi ta shiga kicin. Ta ɗauko mukene ta cire kawunan, ta wanke, ta soya da albasa da gishiri har ya yi ƙarau yana ƙaras-ƙaras kamar abin da yaron ya saba taunawa. Ta ba Kajubi takarda ta nuna masa yadda masu fara suke naɗe ta kamar mazurari, ya naɗa guda biyu, ɗaya a karkace. Ta cika su. Akwai gyaɗa a gidan, akwai ƙwai, kuma ba zan ce babu 'yar ramuwa a cikin zaɓin nan ba. Amma kifin ne nas ta fi nanatawa, shi ne kuma ya fi kama da fara a baki.

Ta durƙusa a gaban Senga ta miƙa mata ɗaya. “Senga, ni ba zai yarda da ni ba. Abin da Fara ta ci a gabansa, shi zai ci.”

Warin ya riga ya isa hancin tsohuwar. Ta dubi takardar, ta dubi matar ƙaninta, kuma ta gane sarai abin da aka yi mata. Sannan ta dubi yaron, da wuyansa da ya zama siriri, da farar ɓawon ayaba a hammatarsa. Ta sauko daga kujera da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara, ta zauna a tabarma daidai tsawonsa.

“Duba nan, Kajubi. Duk dangin Fara na garin nan ba wanda ya girme ni. Wannan ba namu ba ne, muna ci.”

Ta ɗauki ɗaya ta sa a baki. Ta tauna a hankali, idanunta suka kawo ruwa, maƙogwaronta ya yi sama ya yi ƙasa kafin abin ya wuce. Yaron yana kallon bakinta. Ya ɗauki ɗaya daga tasa takardar ya lasa, ya tauna, ya tsaya. Bai ɗauki na biyu ba sai da ta ɗauki nata. Haka suka yi ta yi, ita ɗaya shi ɗaya, in ta dakata don ta huta ya dakata yana jiranta, har takardarsa ta ƙare ya zazzage gishirin a tafin hannu ya lashe.

Nakabugo ta juya baya tana goge kaskon da ta riga ta goge, don hawaye ne suka zo mata, ba ta kuma so a gani. Tausayin tsohuwar ya kama ta, kunyar abin da ta yi mata ma ta kama ta.

Da yaron ya fita nuna wa 'yan maƙwabta fararsa, Senga ta nemi ruwa. Ta kuskure baki ta zubar, ta sake kuskurewa, ta zauna tana numfashi. Nakabugo ta ce ta yi haƙuri, gobe za ta dafa ƙwai.

“Ki dafa ƙwan,” in ji Senga. “Kifin ma ki soya. Ki aika wa mutanen gida cewa zan ƙara sati.” Ta goge ido da gefen zane. “Sai dai ki ƙara albasa, Maama Kajubi, don girman Allah.”