Inci Huɗu na Mai Shari'a

Shekara goma sha tara ina ɗinki a shago ɗaya a babban birni, kuma duk shekarun nan littafin awona cike yake da ƙarya. Mace ba ta son ganin gaskiyar ƙugunta a rubuce. Kina zagaya ta da tef, kina sunkuyawa ki rubuta, ita kuma ta miƙo wuya tana leƙen bakin biro. Tun ina sabuwar tela na gane haka, sai na koma ragewa. Mai haƙuri in rage mata inci biyu, mai saurin fushi uku. Mai Shari'a kuwa, alƙaliyar da ta fara kawo mini ɗinki tun kekena ɗaya, huɗu cur nake cire mata. In na zo yanka sai in mayar wa kowacce abinta, a kaina. Ban taɓa gaya wa kowa ba, har ƙanwar mijina da muke shagon tare.

Yarana suna ce mata Gwaggo, ni ma na bi bakinsu. Ni ce mai awo da yanka, ita ce a kan keke. Ba zan ci haƙƙinta ba, hannunta yana da kyau, layinta ba ya karkacewa. Amma tef bai taɓa hawa wuyanta ba.

Da mai gidan da muke haya ya ninka mana kuɗi, mijina ya samo mana gida a wani ƙaramin birni, tafiyar awa ɗaya da kwata a jirgin ƙasa. Ɗaki uku, famfo mai ruwa, ga fili a baya na shanya, duk a rabin abin da muke biya. Na yi kuka ranar tashi, amma cikin sati biyu na fara yi wa mutanen babban birni kallon tausayi. Matsalar ɗaya ce, jirgin bakwai da rabi ba ya jin kunyar zuwa takwas da rabi. Sai goma nake isa shago. Don haka na ba Gwaggo makulli da wayar shago, ta riƙa buɗewa.

Wata huɗu muna haka. Ran wata Litinin na sauko daga tasha da sauri, na tarar an sake allon shago. Kekena da dutsen gugata suna bakin ƙofa, an ɗaure su da igiya tsaf, kamar kayan mai ƙaura.

"Anti, zauna tukuna," in ji Gwaggo, tana nuna mini kujerar baƙi. "Mai shago ya zo sabunta haya da sassafe, ba kya nan, ya ce ba zai jira ba. Sai na sa hannu da sunana. Ai wahalar jirgin nan ta yi miki yawa, dubi yadda kika rame."

Ban rame ba. Ƙiba ma na yi.

Daga baya na ji ta riga ta gaya wa kwastomomina cewa ciwon baya ya sa na ajiye ɗinki na koma ƙauye. Ƙauye! Garin da ke da asibiti biyu da jami'a. Na kuma san abin da ya sa ta zaɓi wannan satin. Mai Shari'a za ta yi ritaya, ita da mata goma sha ɗaya na kotunsu sun sayo leshi iri ɗaya daga waje don liyafar, kuma leshin yana cikin kabad ɗina, ban kai ga yankawa ba. Matan nan ba sa zuwa awo, aiko da yadi kawai suke yi, su ce a ɗinka yadda aka saba.

"To ba ni littafina da wayar," na ce.

"Haba Anti, ai kayan shago ne."

Lambobin mutanen da na tara shekara goma sha tara suna cikin wayar nan. Na buɗe baki zan yi abin da za a taru, sai idona ya faɗa kan littafin a ƙarƙashin gwiwar hannunta, ta danne shi kamar za a ƙwace. Nan take zuciyata ta yi sanyi. Na ce Allah ya sa alheri, na nemi mai baro ya kai mini kayana tasha.

Mijina ya saurare ni yana cire takalmi. Ya ce ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ya za a yi, in bar wa Allah. Na bar wa Allah, amma kullum da safe sai na duba kalanda.

Na kafa kekena a ɗakin gaba, ina rage tsawon wandon 'yan makaranta da liƙe aljihun da ya yage. Ni da ke ɗinka wa lauyoyi da likitoci. Takaici ya hana ni ko gaisa da maƙwabta yadda ya kamata.

Ranar Alhamis ina shanya a baya wayata ta yi ƙara. Gwaggo ce.

"Anti, ina kwana. Ya yara? Dama awon Mai Shari'a nake dubawa. Arba'in da biyu na gani a ƙugu, ni kuma a ido kamar ta fi haka."

Ina jin ƙarar almakashi tana wasa da shi a hannu. Kalma ɗaya ce tsakanina da ceton leshin nan, kuma na san ba a samun irinsa a ko'ina. Sai na tuna igiyar da aka ɗaure kekena da ita.

"Rubutun wa kika gani a littafin?"

"Naki ne, Anti."

"Kin taɓa ganin an dawo mini da riga?"

"A'a."

"To yanka."

Na kashe waya na ci gaba da shanya, har da 'yar waƙata.

Labarin ranar gwaji mai sayar da zare da maɓalli, maƙwabciyar shagon, ce ta ba ni a waya, tana dariya har numfashinta na ɗaukewa. Mata goma sha biyu sun zo a tare bayan tashi daga aiki, saura kwana biyu liyafa. Ba rigar da ta shiga. Magatakardar kotu ta maƙale da hannuwa a sama, sai da mutum biyu suka zare ta. Zif ɗin wata lauya ya tsaya a tsakiyar baya ya ce ba inda za shi. Gwaggo ta ɗauko littafi tana nuna musu lambobi tana rantsuwa, su kuma suna cewa ai shekara da shekaru lambobinsu ke nan, ita ce ba ta iya yanka ba. Na sa ta maimaita mini wurin magatakarda sau uku. Daɗin da na ji ranar, ko ranar da na sayi kekena na farko ban ji shi ba.

Washegari da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mata huɗu ne a tsaye da manyan jakunkuna, sun biyo jirgin safe, Mai Shari'a a gabansu. Mai zare ce ta yi musu kwatance.

"Ashe lafiyarki ƙalau," in ji magatakarda. "Aka ce bayanki ya riƙe!"

Na shimfiɗa rigunan a kan tebur ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo ta yanke su ƙwaf, ba ta bar ko rarar da za a saki ba. Amma na riga na kwana da dabarar a raina. Za a farke gefe da gefe, a sa ƙyallen siliki mai launin leshin daga hammata zuwa ƙasa, ya fito kamar da gangan aka yi ado. Na gwada musu da fil a kan guda ɗaya. Suka hau tafi. Lauyar ta ce daga yau ko bayan duniya na koma za ta biyo ni, ta karɓi wayata ta zuba mini lambobin sauran da hannunta.

Mai Shari'a ba ta yi tafi ba. Tana zaune a kujerar roba, jakarta a cinya, tana kallona irin kallon da na tabbata ya sha sa gwiwoyin maza rawa a kotu.

"Jiya ƙanwar mijinki tana kuka ta ce ta kira ki kafin ta yanka. Ta kira ki?"

"Ta kira, ranki ya daɗe."

"Awon wa ta tambaya?"

Na ce, "Naki."

"Kin san ba zai shiga ba?"

Ƙarya ta zo mini har bakin leɓe, amma ba a yi wa matar nan ƙarya ido da ido. Na ce na sani. Na gaya mata maganar makulli, da allon shago, da igiya. Ta bar ni na kai aya, ba ta katse ni ba.

"Ta zalunce ki," ta ce. "Da kin zo wurina, da na nuna miki hanyar da za ki karɓi shagonki cikin sati biyu. Kin san ofishina, shekara goma sha tara kina kai mini kaya. Amma sai kika ɗauki leshina kika yi bulala da shi."

Ta miƙe, ta zaro rigarta daga cikin tarin, ta naɗe ta a hankali ta sa a jaka.

"Ranki ya daɗe, taki zan fara yi. Awa biyu kawai."

"Gyara musu nasu. Ina da tsohuwar riga."

Na bi ta har bakin titi ina ba ta haƙuri. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma waiwayo ba, ta tsayar da tasi ta ce a kai ta tasha.

Goma sha ɗaya na gyara, kuma duk goma sha ɗayan yanzu jirgi suke biyowa su zo ɗakina na gaba, har sun jawo wasu. Gwaggo ta rufe shago kafin shekara ta zagayo, ko da na ji ban ce wayyo ba. An turo mini hoton liyafar. Mata goma sha ɗaya cikin leshi suna dariya, a tsakiyarsu Mai Shari'a cikin wata shuɗiyar riga da na ɗinka mata shekara shida da suka wuce. Har yanzu tana zaune a jikinta daidai. Ita ce ta ƙarshe da ta sa daga hannuna.