Mota a Kan Ramin Baba

"Ba za a sa mata wuta ba, Baba," na ce, na mayar da makullin cikin jakata.

A garejinsa, a gaban ma'aikatansa na faɗa. Cewa ya yi in miƙa wa Kawu mai walda makullin, a yanko rak ɗin wata tsohuwar bas a haɗa wa motata. Rak shi ne sandar ƙarfen da ke juya tayoyin gaba idan an murɗa sitiyari, nawa kuma ya karye a wani kwazazzabo. Baba ya dube ni, ya goge hannu da tsumma, ya ce to.

Motar irin mai ɗaki ce, da gado da murhu da tankin ruwa, daga waje aka shigo da ita. Ni likitar dabbobi ce, na saye ta don in riƙa kwana a gonakin nesa ba tare da roƙon masauki ba. A garejin, Otal suke kiranta. Duk garin babu irinta, don haka babu mai sayar da ko notinta. Sau uku na zaga kasuwar kayan gyara. Wani ya jujjuya karyayyen ƙarfen ya tambaye ni ko na jirgin sama ne.

Na ce zan yi odar na asali, ai ga lambar motar a takarda. Baba ya ce in shiga rami in duba ƙarƙashinta tukuna. Na ce lamba ba ta ƙarya. Gaskiyar magana, farar rigar aikina ce a jikina, kuma gani nake na wuce a koya mini.

Rami ɗaya garejin Baba yake da shi, Otal kuwa tana kansa, an kwance mata gaba an ɗora ta bisa itace, ba ta matsuwa. Mako bakwai ma'aikata suna shimfiɗa kwali a ƙasa suna rarrafawa ƙarƙashin motocin mutane. Wani mai basa-basai, wanda ya shekara ashirin yana kawo wa Baba aiki, ya fara tsaki idan ya shigo.

Ranar da kayan ya iso, a tsakiyar gareji na buɗe kwalin don kowa ya gani. Sabo fil, da maiƙonsa. Kawu ya ɗaga, ya juya shi, ya sake juyawa.

"Ɗiyata, wannan ai na mai tuƙi a dama ne."

Ashe an ƙera motar ne don ƙasar da sitiyari ke dama, wanda ya shigo da ita ya mayar da shi hagu, lambar kuwa ba ta san an yi ba. Na tambayi Baba me ya hana shi gaya mini. Ya ce ai ya ce in shiga rami.

Na shiga, da farar rigar. Ga tabon walda nan baƙi ƙirin, tun daga wannan gefe har wancan. Motar da nake karewa daga wuta ta daɗe da shan ta. Na jima a ƙasa fiye da yadda dubawa ke bukata, ina jin ana ƙunshe dariya a samana.

Da na fito Kawu ya ce a hankali, yau ɗin nan zai iya haɗa na bas ɗin. Na ce a'a. Kunya ce ta ƙara mini taurin kai, na sani. Na sake oda daga wata ƙasar, na hagu. Mama ta roƙe ni in haƙura a haɗa na bas ɗin, ina cin abinci, na ajiye cokali na tashi. Aikina kuwa na koma yin sa a bayan babur, da akwatin allurai a cinya, ruwa ko rana, ban taɓa kai kuka gida ba.

Wata uku aka ƙara. A cikinsu ne na ji mai basa-basai yana gaya wa direbansa, ba tare da ya rage murya ba, cewa bakaniken da motar 'yarsa ta gagara me zai yi wa ta wani. Baba yana tsaye da sifana a hannu, bai ɗago kai ba.

Rak ɗin ya zo, ya zauna daidai, motar tana tafiya har yau. Amma basa-basai goma sha ɗaya sun koma garejin tsallaken titi, ba su dawo ba. Baba ya sallami ma'aikata biyu, kuma tun daga lokacin ko wata baƙuwar ƙara ya ji a injin motata, ba ya ba ni shawara.